An Buɗe Baraj? Tambayoyin Mutanen Bakin Binuwai Kan Sakin Ruwan Lagdo

Da zarar watan Agusta ya raba tsakiya, zance ɗaya ne a bakin gadar Garwa, da kasuwar Pitowa ran Lahadi, da wurin masu bandar kifi a Lagdo: "An buɗe baraj ko ba a buɗe ba?" Baraj ɗin da ake nufi ita ce madatsar ruwa ta Lagdo, a kan kogin Binuwai a arewacin Kamaru. Wannan ya ce ƙaninsa direba ya gani da idonsa. Waccan ta ce an turo mata murya a WhatsApp cewa bango ya tsage. Kafin la'asar labari ya haifi 'ya'ya har da jikoki. Tambayoyin nan su ne aka fi jefo mini a majalisa da ta waya, wasu cikin raha, wasu cikin fushi, na kuma bar su kusan yadda aka yi su.

Ita wannan Lagdo, yaushe aka gina ta, kuma don me?

An fara aikin a 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, aka kammala a 1982. Injiniyoyin ƙasar Sin ne suka ja ragamar ginin tare da ma'aikatan Kamaru. An datse Binuwai a wani matsi tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 50 daga Garwa ta ɓangaren da ruwa ke gangarowa. Bangon kansa bai kai yadda ake zuzuta shi ba, tsawonsa mita 308 ne, tsayinsa mita 40. Abin da ke kwance a bayansa ne abin kallo: tafki mai faɗin murabba'in kilomita 586, wanda in kana tsakiyarsa a kwale-kwale wani gefen ba ka hango gaɓa.

Babban dalilin gina ta wutar lantarki ne. Injina huɗu ne a ciki, kowanne megawat 18, jimla 72, kuma shekara da shekaru su ne ƙashin bayan wutar Garwa da Marwa da Ngaundere. Sai noman rani, irin shinkafar da ake yi a Gunugu da Uro Dukuje. Tare ambaliya ma tana yi, amma ba shi ne aikinta na fari ba. A riƙe wannan, don kusan duk rigimar da za mu tattauna daga nan ta samo asali.

Malam, kogi ya riga ya cika, sama na zuba ba dare ba rana. Wane irin rashin imani ne a ƙara mana ruwa a wannan lokacin?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma mai yin ta yana da gaskiyar jin zafi. Amma mu ɗauki randar tsakar gida. In tana ƙarƙashin indararo, ruwa na zuba, ta kusa cika, abu biyu ne: ko ki kwashe da moɗa ki zubar inda kike so, ko ki bar ta ta tumbatsa ta zubar inda ta ga dama. Randa in ta tumbatsa tsakar gida kawai ke jiƙewa. Madatsar da aka yi da ƙasa da duwatsu kuwa, in ruwa ya hau kanta ya fara bi ta sama, cin bangon yake yi kamar yadda ruwan kwazazzabo ke cin hanya. Ƙaramar kafa ta zama babba cikin sa'o'i, abin da aka tara na shekara guda ya fito a dare ɗaya. Saboda haka duk madatsa tana da iyakar da ba a yarda ruwa ya wuce ba. A Lagdo, matakin da ake ɗauka tafki ya cika shi ne mita 216 sama da teku. In ruwa ya doshi nan, kuma Binuwai da Mayo Rey na ci gaba da kwararowa daga tuddan Adamawa, mai riƙe da ƙofa ba shi da zaɓi. Bai buɗe don ya ga dama ba.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Madatsa ba ta haifar ruwa. Wanda take saki, na sama ne da ya sauka a Adamawa, kuma ko babu ita nan zai biyo. Abin da take iya yi kawai shi ne ta riƙe shi na ɗan lokaci ta sake shi a hankali. A ce, don misali, ruwa na shigowa tafki da ƙarfin mita kubik 3000 a daƙiƙa, ana sakin 1500. Mutumin Garwa zai ga kogi ya ɗaga ya ce baraj ta cuce shi, alhali rabin abin da zai same shi ta tare masa. Amma wannan alherin yana yiwuwa ne muddin akwai sauran wuri a tafkin. Ranar da ya cika fal, duk abin da ya shigo dole ya fita, madatsar ta zama kamar babu ita. Mafi munin hali shi ne a makara, ruwa ya wuce iyaka, a buɗe ƙofofi da yawa a lokaci guda don a ceci bango. A nan ne ruwa ke zuwa wa mutane kamar an kore shi, ya tarar da awaki a turke, tabarma a ƙasa.

Don haka ni a ganina tambayar da ta fi dacewa a yi wa masu madatsa ita ce: yaushe kuka fara saki, nawa kuka fara da shi, kuma wa kuka gaya wa?

To me ya hana su rage ruwan tun watan Yuli, lokacin da kogi ke da wuri?

Ga inda gizo ke saƙar. Ruwan da ke cikin tafkin nan shi ne wutar watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke hana barci, mai sayar da ƙanƙara da mai niƙa da tela duk ido na kan waya. Daga Nuwamba zuwa Mayu kusan babu abin da ke shigowa tafki, ga rana na shan nata kason kullum. Abin da aka tara a damina da shi za a ci rani. In mai madatsa ya zubar da ruwa a Yuli yana tsammanin Satumba mai ƙarfi, sai Satumba ta zo a bushe, ya jefa jihohi uku na arewacin Kamaru cikin duhu. Ba labari ba ne, mun gani a 2021: tafki bai cika ba, injina suka kasa ba da abin da suka saba, aka yi ta rabon wuta unguwa-unguwa, injinan wuta masu shan mai na Jambutu a Garwa na ta kuka ba su isa ba. Wanda ya sha wannan zagin, in damina ta zagayo hannunsa na rawa kafin ya taɓa ƙofa.

In kuma ya riƙe ruwan har ƙarshen Agusta don tsoron duhu, sai sama ta ɓalle kwana goma a jere, ya shiga halin da muka faɗa a sama. Gaba kura, baya sayaki.

Masu aikin madatsu suna da jadawali da ke cewa a ranar kaza ta wata kaza kada ruwa ya wuce mataki kaza, ana ɗaga iyakar sannu a hankali har ƙarshen damina. Jadawalin na da amfani, amma an gina shi ne bisa yadda damina ta saba zuwa, ita kuwa yanzu ba ta da alƙawari. Abu biyu ke sassauta wannan matsi. Na ɗaya, sanin abin da ke tafe: ma'aunan ruwan sama da na kogi can sama, masu aiko da labari a kan lokaci, ta yadda za a fara sakin kaɗan kwana uku ko huɗu kafin babban ruwa ya iso. Na biyu, a rage wa Lagdo nauyin wuta. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar, waɗanda suka fara da megawat 30 a haɗe, ba don ambaliya aka yi su ba, amma duk wutar da suka bayar ruwa ne da ba sai an yi rowarsa ba. Mutum ba zai yi zaton faifan hasken rana a Gidar na da alaƙa da gonar masara a Pitowa ba, amma akwai.

Wa ke da ikon cewa a buɗe?

Masu kula da injina da ƙofofi ma'aikatan kamfanin wuta ne, wanda tsofaffi har gobe Sonel suke ce masa, ko da yake ya zama AES Sonel, sannan Eneo a 2014. Su ke karanta matakin tafki kullum, su lissafa abin da ke shigowa. Amma sakin ruwa mai yawa ya shafi rayuka, don haka sai an sanar da hukuma: gwamnan Jihar Arewa, daga shi zuwa ferefe da su sufurefe, wato jami'an mulki na gunduma da ƙananan yankuna, daga nan zuwa lamido, lawan da jauro. Ana kuma aika wa Najeriya.

Ana ta cewa "mita kubik dubu a daƙiƙa". Nawa ke nan a hankalce?

Mita kubik ɗaya lita 1000 ne, wato duro biyar na masu lita 200. Mita kubik 1000 a daƙiƙa duro 5000 ke nan duk ƙiftawar ido, dare da rana. A Satumbar 2024, hukumar kula da koguna ta Najeriya ta sanar cewa Lagdo za ta fara saki daga 17 ga wata da mita kubik 100 a daƙiƙa, a yi ta ƙarawa har zuwa 1000 cikin kwana bakwai. Ko ɗarin nan da ake gani kaɗan, a yini ɗaya ya haura mita kubik miliyan takwas da rabi. Abin lura a sanarwar shi ne hawa-hawa da aka yi. Sakin da ya ɗauki mako yana hawa, mai gona a fadama na ganin ruwa na matsowa taku-taku, ya san abin yi.

Lambar kaɗai dai ba ta gaya maka ko ruwa zai shigo ɗakinka. Dubu a kan kogin da ke ƙasa ba komai ba ne. Dubu a kan kogin da ya riga ya kai wuya, shi ne ɗigon da ke zubar da tulu.

Ke nan duk ruwan da ke shiga unguwannin Garwa na Lagdo ne?

A'a, kuma wannan ce gaskiyar da aka fi mantawa. Tsakanin Lagdo da Garwa, Mayo Kebbi na shigowa Binuwai. Daga Cadi yake tasowa, ta tafkunan Fiyanga da Lere, ya kwaso Mayo Luti a hanya, ya wuce ta ƙasar Bibemi. A shekarar da kogin Logon ya yi ƙarfi sosai, har ruwansa kan tsallaka ta fadamun ƙasar Tupuri ya faɗo cikin Mayo Kebbi. Wannan kogi ba shi da ƙofa, ba mai buɗe shi, ba mai rufe shi. Ana iya kulle Lagdo gam, ruwa ya ci gonaki a Pitowa. Ƙasa da Garwa kuma, dab da iyaka, Faro na shigowa da nasa, shi ma sakaka yake.

Gwanintar mai madatsa a nan take: ya san ranar da Mayo Kebbi zai kawo kansa, ya yi ƙoƙari kada nasa sakin ya haɗu da shi a gadar Garwa. In da wuri a tafki, ya ɗan riƙe har wancan ya wuce. In babu wuri, sai dai addu'a da gaggawar sanarwa.

Sannan akwai ruwan da ba na kowane kogi ba: wanda ya sauka a cikin gari ya rasa hanya, don kwalbati ya toshe da leda, ko an yi gini a kan magudana. In kogi ya cika, ruwan unguwa ba ya samun inda zai zube, sai ya dawo da baya. Wannan kam ba a Lagdo maganinsa yake ba.

'Yan'uwanmu na Yola da Makurɗi kullum cewa suke mu ne ke sakar musu ruwa. Gaskiya ne?

Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, kuma ba za a ce wa wanda gidansa ya rushe a Numan ya yi shiru ba. A 2012, shekarar da mu ma nan muka ji jiki har Shugaba Paul Biya ya zo duba ɓarna a watan Satumba, hukumar agajin gaggawa ta Najeriya ta ƙirga mutum 363 da suka rasu, sama da miliyan biyu suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. A shekarun biyu duka an saki ruwa daga Lagdo, kuma ya ƙara wa kogi nauyi, musamman a jihar Adamawa ta Najeriya da ke bakin iyaka.

Sai dai Binuwai kogi ne mai kusan kilomita 1400, kuma yawancin ruwan da ke isa Lakwaja bai taɓa ganin Lagdo ba. Bayan Mayo Kebbi da Faro, Gongola na shigowa a Numan, sai Taraba, Donga da Katsina-Ala, sannan a Lakwaja a gamu da Kwara. Ministan ruwa na Najeriya a 2022, Suleiman Adamu, da bakinsa ya ce ruwan sama da kogunan cikin gida ne suka yi mafi yawan ɓarnar, kason Lagdo kaɗan ne. Kowace tafiya aka yi ƙasa, hannun Lagdo na raguwa, sunanta na ƙaruwa. Abin ba wuyar fahimta: ruwan sama ba shi da ofishi, madatsa kuwa tana da mai gadi da lambar waya.

Akwai kuma tsohuwar maganar madatsar Dasin Hausa, a ƙaramar hukumar Fufore, wadda aka ce za ta fi Lagdo girma ta riƙa tare abin da aka saki. Tun shekarun 1980 ake zancenta, har yau ba a gina ba. Ƙasashen biyu, da Cadi, duk suna cikin Hukumar Kogin Kwara mai hedikwata a Yamai, inda aka amince cewa na sama ya sanar da na ƙasa. A 'yan shekarun nan sanarwar na isa Abuja kafin ruwa. Ko tana isa ga masunci a bakin kogi a Ibi, wannan wata tambaya ce, kuma irin ciwon da ke damunmu ne mu ma.

An turo mini murya cewa bangon ya tsage, zai fashe cikin dare. In kwashe iyali?

Hajiya, duk shekara sai an turo wannan muryar, wani lokaci ma ita ce ta bara. Lagdo ta haura shekara arba'in a tsaye, ta ga 2012 ta ga 2022. Buɗe ƙofa alama ce ta cewa ana kula da ita, ba alamar ta gaza ba. Hotunan ruwa na tsalle fari fat da ake yaɗawa, yawanci mafitar ruwan ce ke aikinta, wasu ma ba na ƙasar nan ba ne.

Ban ce madatsa ba ta fashewa ba. Ranar 10 ga Satumba 2024 ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare, kuma da yawanmu muna da dangi a can. Darasin Alau shi ne a riƙa duba bango ana gyara shi tun da rani, a kuma tabbatar ƙofofi na buɗuwa ranar da aka buƙace su. Kafin ki ɗaura kaya, ki kira jauro ko mai unguwa, ki kunna rediyo. In gidanki a fadama yake kuma ruwa na matsowa, ki tashi ko da babu wata murya.

Mu mutanen Maga da Yagwa fa? Lissafin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Madatsar Maga, wadda aka gina a 1979 don gonakin SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati, doguwar ganuwar ƙasa ce mai kilomita 27 a shimfiɗaɗɗen fili, tafkinta ba zurfi. Tana shan ruwa daga Logon da kuma Mayo Canaga da Mayo Bula, mafitarta Mayo Virik. Matsalarta ba ta wuta ba ce. Igiyar ruwa da iska ke kaɗawa na cin ganuwar, mafitar kuma in ta cushe da yashi da ciyawa ba ta ɗaukar abin da ake so ta ɗauka. Logon kansa ba shi da babbar madatsa da za a ce a rufe, don haka ruwan da ya ci Yagwa da Kuseri da Njamena a 2022 da 2024 ba wanda ya buɗe shi. A can, kariya ganuwar bakin kogi ce. Bayan 2012 Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 108 aka yi aikin gyaran ganuwar Maga da ta Logon. Ganuwa kuma gaba biyu gare ta: wanda ya fasa ta da rani don ya ja ruwa gonarsa, ya haƙa wa maƙwabcinsa rami ne da damina. Wadda aka ɗaga a gefen Kamaru kuma tana tura ruwa gefen Cadi, haka ma akasin haka, shi ya sa ba a raba wannan zance da hukumar tafkin Cadi da ke Njamena.

Baba ya ce kafin baraj ambaliya alheri ce. Yaya haka?

Baba ya yi gaskiya. Kafin 1982, Binuwai kan fita duk shekara ya kwanta a kan baƙar ƙasar nan mai danƙo da Fulani ke kira karal, ya bar laka da danshi. In ya janye a Oktoba sai a dasa masakwa, muskuwari a bakin mutanen nan, ta nuna da rani ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Kifi na haihuwa a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, shanu na samun ɗanyar ciyawa bayan ya tafi. Da aka datse kogin, wannan fitar ta shekara-shekara ta ragu, filayen masakwa da yawa a ƙasan madatsa suka daina samun abin da suka saba.

Sai wani abu ya biyo baya, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Da mutane suka ga shekara biyar, goma, ruwa bai zo ba, suka gangara. Inda kakanni ke dasa dawa su koma tudu su kwana, jikoki suka yi bulo suka zuba kwano. Baƙi da suka zo neman ƙasar noma daga Jihar Arewa Mai Nisa ba su ma san iyakar ruwan da ba. Madatsa na hana ƙananan ambaliya, waɗanda su ne ke tuna wa mutane inda kogi ya mallaka. Babbar kuwa, wadda ta fi ƙarfinta, tana nan tafe, kuma in ta zo gidaje take tararwa a inda da ciyawa ce. In za ka sayi fili a gefen kogi, kafin ka tambayi mai sayarwa, nemi tsohon da ya girma a wurin ya nuna maka inda ruwa ya tsaya a 2012.

Mu masunta, me ya shafe mu?

Na cikin tafki, ku nisanci bakin mafita in an buɗe, jan ruwan wurin ya fi ƙarfin filafili. Na ƙasan madatsa, na san kifi kan taru a wurin, tarwaɗa da karfasa har da giwan ruwa, kuma na san ba za ku ji ba. Aƙalla kada a kwana a tsibirin yashi, kada a bar yara su kaɗai a jirgi. Dorina ma in ruwa ya tashe ta daga inda ta saba, fushi take yi.

Ana cewa an sanar, mu kuwa ba mu ji ba. Laifin wa?

Nan ne nake da ƙorafi. Wata shekara na je gaisuwa wani ƙauye a bakin kogi, na tarar da takardar sanarwa manne a bangon wani ofishi, da Faransanci, an buga hatimi an sa hannu. Kwananta uku a wurin. Matan da ke wanki a gaɓa, taku kaɗan daga bangon, ba wadda ta san abin da ke ciki. A takarda an sanar. A gaskiya ba a sanar ba.

Sanarwar da za ta ceci rai sai ta zo da Fulatanci da Hausa da sauran harsunan da ake yi a gaɓar, ta bi ta rediyo, ta lasifikar masallaci, ta coci, ta bakin sankira a kasuwa, ta wayar sarkin ruwa da shugaban 'yan kwale-kwale. Sai kuma ta faɗi abin da mutum zai iya aiki da shi. "Za a saki mita kubik kaza" ba ta da amfani ga inna mai gonar kuɓewa. "Ruwa zai iya kaiwa gindin tsamiyar makaranta jibi da safe" ita ce magana. Wannan na buƙatar a dasa sanduna masu alamar launi a kowane ƙauye, kowa ya san in ruwa ya taɓa ja, tashi ake yi. Shirin VIVA Benuwe, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 200 a 2020 kuma MEADEN, hukumar raya Jihar Arewa, ke riƙe da shi, ya ƙunshi ma'aunan ruwa da tsarin gargaɗi ban da gyaran filayen noman rani. Ranar da za a san ya yi aiki ita ce ranar da labari ya riga ruwa isa ƙauyen da ba shi da hanyar mota.

Mu ma da namu. An sha sanarwa ruwa bai zo ba, sai aka fara cewa ƙarya ce. Gargaɗin da bai tabbata ba, sau da yawa alama ce cewa sakin a hankali ya yi aiki.

To an sanar. Me zan fara yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardun haihuwar yara, katin ɗan ƙasa da takardar fili su shiga leda biyu tun farkon Agusta, don sake samun su ya fi sake gina ɗaki wahala. Hatsi ya hau tudu ko gidan dangi. Dabbobi su riga mutane tafiya, kuma a kwance su daga turke ko da ba a samu kora su ba. Tsofaffi, masu ciki da marasa lafiya su tashi da rana, kada a jira dare. Injin ban-ruwa da ke bakin kogi a ɗauke shi, taki da maganin feshi kada su kwana a ƙasa. In an shiga jirgi, a ji maganar mai tuƙi in ya ce ya cika. Ruwan da ke gudu, in ya kai gwiwa ya isa ya kayar da ƙato, mai babur kuma bai san ko kwalbatin da ya saba bi yana nan ba.

In an rufe ƙofofi, shi ke nan mu koma?

A ɗan dakata. Ruwan da aka riga aka saki yana kan hanya, Mayo Kebbi kuma bai san an rufe ba. Ana iya sake buɗewa in sama ta ƙara zuba, don damina a nan takan kai Oktoba. Katangar ƙasa da ta sha ruwa takan faɗi ne bayan ya janye, lokacin da mutane suka koma suna shara, don haka a duba gindinta kafin a shimfiɗa wa yara tabarma. Rijiyar da ruwa ya rufe ta haɗu da masai, sai an yashe ta an sa mata magani, kafin nan a tafasa na sha. Amai da gudawa in ya kama mutum, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a kama hanyar asibiti, kada a jira gari ya waye. A sa sanda a bincika rumbu da tarin itace, macizai ma tudu suka nema.

Maganar taimako kuwa, sashen kare fararen hula na ma'aikatar mulkin ƙasa da ƙungiyar Red Cross kan bi ƙauyuka suna ƙirga ɓarna, kuma da jerin sunayen da jauro ya miƙa ake aiki. Ka ɗauki hoton ɗaki da gona da wayarka tun ruwa na ciki, ka je da kanka ka ga an rubuta sunanka da yawan mutanen gidanka, har da matar da mijinta ya tafi ci-rani.